Zoben Haske na Baba Gilashi

A unguwar Abakpa Nike da ke Enugu, idan ka baro babban titi ka gangara layin da masu keke mai ƙafa uku ke wanke kekunansu, akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofar katako. Yanzu wata mata ce ke sayar da burodi da lemo a ciki, amma shekaru da yawa shagon na Abednego Didam ne. 'Yan unguwa ba su cika kiran sunansa ba, Baba Gilashi suke ce masa, domin duk abin da ke da gilashi a jikinsa wurinsa ake kawowa: tabarau da ƙafarsa ta karye, agogon da ruwa ya shiga, tsohuwar kyamara, har da na'urar duba jini ta ƙananan asibitoci idan ta dushe. Dogon mutum ne siriri, mai magana a hankali, kuma ko da safiyar Litinin za ka same shi da riga a soke cikin wando, takalmi yana ƙyalli. Wanda ya san sojoji yana ganinsa zai gane.

A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife shi, ɗan manomin citta da acca. Ya shiga sojan sama 'yan shekaru bayan an gama yaƙin basasa, kuma kamar kowane saurayi da ya tsaya a layi ranar ɗaukar sojoji, tuƙin jirgi yake so. Karatunsa bai kai ba. Sai aka tura shi sashen masu kula da na'urorin da ke gaban matuƙi, aka damƙa shi a hannun wani Saje Arzika, mutumin ƙasar Sakkwato, gajere mai faɗin ƙirji wanda ba ya dariya sai aiki ya yi kyau.

A satinsa na farko Arzika ya sa shi ya hau tsani ya zauna a kujerar wani jirgin yaƙi da ke fake a bakin rumfa. A gabansa, daidai tsayin idonsa, akwai wani ɗan gilashi a karkace bisa wani baƙin akwati.

"Me ka gani?" in ji Arzika.

"Gilashi, Saje."

Arzika ya miƙa hannu ya murɗa wani maɓalli. Nan take wani zobe na haske, ruwan lemo, da ɗigo a tsakiyarsa, ya bayyana. Ɗigon yana zaune daidai kan wani tankin ruwa da ke can nesa, bayan filin saukar jirage.

"Taɓa shi."

Abednego ya kai yatsa kan gilashin. Babu komai a kai. Ya leƙa bayansa, nan ma babu komai.

"Yanzu motsa kanka. Hagu. Dama. Kada ka rufe ido ɗaya, kai ba maharbin ɓauna ba ne."

Ya motsa. Gilashin ya yi gefe, ƙarfen da ke riƙe da shi ya yi gefe, amma ɗigon bai bar tankin ba. Da ya karkata sosai sai zoben ya zame ta gefen gilashin ya ɓace, da ya dawo sai ya dawo, kuma a kan tankin nan dai. Ya ce a ransa wannan ba aikin mutum ba ne.

Da yamma Arzika ya buɗe masa wani tsohon akwati irinsa a kan tebur, sai ga shi abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ƙwan fitila ne a ƙasa. Samansa wani siririn faranti na ƙarfe da aka yanke siffar zobe da ɗigo a jiki. Samansa kuma wani gilashi mai kauri, mai tudu a tsakiya kamar gindin kofi. Arzika ya ce sirrin duk yana cikin tazarar da ke tsakanin farantin da mai kaurin nan. Idan tazarar ta yi daidai, hasken da ya ratso ta zoben yakan fito a miƙe, ba ya bazuwa, kamar hasken da ya taso daga tauraro. Gilashin da ke karkace sai ya juyo da shi cikin idon matuƙi, ido kuwa ba shi da yadda zai yi sai ya ɗauka abin daga nesa yake. Shi ya sa matuƙi ke ganin zoben da abokin gaba a lokaci guda, dukansu tar, ba sai ya daidaita saitin gaba da na baya kamar mai bindigar toka ba, ba kuma sai ya kafe kansa wuri guda ba.

"Gilashin saiti ke nan," in ji Arzika. "Yau ka daina jin tsoronsa. Daga gobe sai ka fara girmama shi."

Ya kuwa girmama shi har ƙarshen aikinsa. Ya koyi yadda ake ɗaga jirgi bisa jak a daidaita shi, a kafa babban allo mai alamomi can nesa, a leƙa ta cikin bakin bindiga, sannan a yi ta murɗa ƙananan kusoshi har ɗigon ya zauna inda harsashi zai bi. Ya koyi irin na zamani, mai wata 'yar na'ura da ke juyawa a ciki, wanda idan jirgi ya karya kwana zoben kan ja baya don ya nuna wa matuƙi inda zai sa gaba da harbi. Yakan zauna a kujerar matuƙi da tsakar rana, zufa na bin bayansa, warin mai da roba da fata mai zafi ya cika masa hanci, wani abokin aiki yana can wajen allo yana ɗaga masa hannu. Ya daɗe a cikin wannan kujera fiye da wasu matuƙan, amma kullum ƙafafun jirgin a ƙasa suke. Idan ya tashi sama, to a cikin jirgin kaya ne, zaune kan akwatuna, babu ko taga.

Matuƙa kan sauko wani lokaci su ce masa, "Didam, zobenka ya gudu yau. Ina cikin kwana ya ɓace mini." Sai ya hau ya duba, ya sami komai daidai, ya sauko ransa a ɓace, ya wuni bai yi wa kowa magana ba.

Aiki ne ya kawo shi Enugu. Wata Asabar ya shiga kasuwar Ogbete neman zaren ɗinki da maɓallai, yana ta fama da guntun Turancin kasuwa da bai zauna a bakinsa ba, sai yarinyar da ke shagon ta dube shi ta ce, "Ɗan'uwa, daina wahalar da kanka, yi Hausarka kawai." Hausar Kafanchan ce tsantsa a bakinta. Sunanta Ann. Iyayenta Ibo ne, amma a Kafanchan aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, suka gudo gida tana ƙarama lokacin da ƙasa ta rikice. Ya sayi maɓallan, ya dawo Asabar ta gaba ya sayi wasu, har abokan ɗakinsa suka fara tambayarsa ko tela zai koma.

Danginta ba su so ba. Soja, kuma ɗan Arewa, kuma sojan sama. Ann ce ta tsaya kai da fata, amma ita ma ta gindaya nata sharaɗin. Ta ce masa, "Zan aure ka, amma jirgi ba zai shigo mini gida ba. Ka bar shi a bakin ƙofa tare da takalminka." Ya yarda, don ya riga ya ga yadda take yi. Duk sa'ad da jirgi ya wuce ta saman unguwa, ko da na fasinja ne, sai ta tsaya cak, ludayi a hannu, ba ta numfashi har ƙarar ta yi nisa. Ba ta taɓa gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Haka suka zauna. Suka haifi 'ya ɗaya, Happiness. A gida Hausa suke yi, ranar Lahadi su tafi cocin Hausa inda Ann ke cikin zumuntar mata, da safe a ci okpa, alalen gurjiya, mai zafi, da dare a ci tuwon acca idan an samo daga gida. Da ya yi ritaya bai koma Zonkwa ba. Ya kama shagon nan, ya jera ƙananan sukuddirebobinsa a kan farin ƙyalle.

Sun tsufa tare, Happiness ta yi aure ta tafi Fatakwal, sannan wata rana da damina Ann ta yi tambayar. Suna zaune a baranda, tana ɓarar agushi, ruwa ya ɗauke ke nan.

"Baban Happiness, wanda ke cikin jirgin nan, yana ganin mutane?"

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "Kina so in gaya miki, ko in nuna miki?"

"Nuna mini."

Ya ɗauki gwangwanin madara babba, ya sa ƙwan tocila a gindinsa. Ya yanke zobe da ɗigo a jikin baƙin kwali da reza. Ya ciro gilashin ƙara girma da yake duba agogo da shi, ya yi ta matsar da shi sama da ƙasa har tazarar ta zauna. Ya zare gilashin taga ɗaya daga ɗakinsu, ya kafa shi a karkace. Da la'asar ya ɗora abin a kan bangon baranda ya ce ta zo.

Ta sunkuya ta duba. A ƙarshen layi wasu mata suna dawowa daga famfo da jarkoki a ka. Zoben ya zauna a kan ta tsakiyarsu, mai jan zani. Ann ta motsa kanta hagu, ta motsa dama. Ɗigon bai bar wurin ba har matar ta fita daga cikinsa da ƙafarta, wata ta shiga.

"Ashe yana ganinmu," ta ce.

"Da gudun da yake yi, da nisan da yake, mutum ɗaya ƙanƙane ne ƙwarai," in ji shi. "Amma rufin kasuwa, da taron jama'a, yana gani. Ba zan ce miki ba ya gani ba."

Ta koma ta zauna, ta jawo farantin agushin, amma ba ta ɓare ko ɗaya ba. A ranar ta ba shi labarin wata kasuwar ƙauye da suke ci a ƙarƙashin bishiyoyi a lokacin yaƙi, da ƙanwar mahaifiyarta da ta riƙe mata hannu suka tafi tare, da jirgin da ya zo ya yi wa kasuwar ruwan wuta, da yadda ita kaɗai ta dawo gida. Ta faɗa ba tare da kuka ba, kamar mai ba da labarin wata. Da ta gama ta ce, "Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba. Mayar mini da gilashin tagata, sauro zai shigo." Ya mayar. Bayan wannan rana, idan jirgi ya wuce tana tsayawa har yanzu, amma takan juyo ta dube shi, wani lokaci ma ta ce, "Wannan na fasinja ne, ko?" Ya ce na fasinja ne.

Hawan jini ne ya tafi da ita bayan 'yan shekaru. Abednego ya ci gaba da buɗe shago, don bai san abin da zai yi da safiya ba idan bai buɗe ba. Aiki ya ragu, mutane sun daina gyara agogo, kowa lokacinsa na cikin waya. Hannunsa ya fara rawa kaɗan, ƙananan rubutun Littafi Mai Tsarki suka gagare shi sai da tabarau. Yawanci zama yake yi a bakin ƙofa yana gaisawa da masu wucewa.

A nan Abdulbasit ya same shi. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, haifaffen unguwar Asata, kakansa ne ya zo Enugu da fataucin goro. Yana sayar da wayoyi kusa da Ogbete, yana Ibo kamar ɗan gari, Hausarsa kuma rabi da rabi ce da Turancin kasuwa. Tabarau na matarsa ya kawo a gyara. Yana jira sai idonsa ya faɗa kan wani tsohon hoto a bango, wani siririn saurayi cikin kaki tsaye kusa da hancin jirgi.

"Baba, ku ne wannan? Kun tuƙa?"

"Ban tuƙa ba, ɗana. Na dai kula da abin da mai tuƙin ke kallo."

Abdulbasit ya washe baki kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa a baƙon gari. Ya ce shi tun yana saurayi ba shi da wata shaƙatawa sai tuƙin jirgi a kwamfuta, abokansa na kallon ƙwallo shi yana sama. Ya fito da waya ya buɗe wani wasa ya miƙa masa. Ga mazaunin matuƙi, ga gilashin saiti, ga zobe. Abednego ya gyara tabarau, ya shafa allon yadda aka nuna masa, kallon ya juya gefe, zoben ya bi gilashin suka tafi tare.

"Wannan fenti suka shafa a gilashin," ya ce, ya miƙa wayar. "Na gaske ba a kan gilashi yake ba."

"Na sani, Baba! Wannan na rage zaman shago ne. Na gasken yana gida. Abeg, ku zo ranar Lahadi bayan kun taso coci, ni zan turo keke ya ɗauko ku."

Bai yi niyyar zuwa ba. Amma Lahadi da rana ita ce mafi tsawo a wurinsa tun rasuwar Ann, don haka da keken ya tsaya a ƙofa ya shiga.

Gidan na cikin tsofaffin gidajen Asata ne, mai dogon zaure da tsakar gida ta siminti. Matar Abdulbasit, Mas'uda, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi lafiya da gajiya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, irin gaisuwar da ya daɗe bai ji ba. A wani ƙaramin ɗaki akwai kujera, da sandar tuƙi ɗaure a jikin tebur, da abin takawa biyu a ƙasa, da wani tabarau mai kauri da ake ɗaurawa a kai ya rufe ido ruf. Abdulbasit ya ɗaura masa, ya ce kada ya tsorata.

Ɗakin ya ɓace. Abednego ya tsinci kansa zaune cikin wani tsohon jirgi mai farfela, na zamanin yaƙin duniya, fake a kan ciyawa. Ba irin wanda ya yi wa aiki ba ne, kakansa ne, amma ga baƙin akwatin nan a gabansa, ga gilashin a karkace.

"Ku kalli ƙasan akwatin, akwai maɓalli. Bari in kunna muku," muryar Abdulbasit ta zo daga wani wuri da ba ya gani.

Zoben ya bayyana, ruwan lemo, ɗigon yana kan wata bishiya can ƙarshen fili. Abednego ya gyara zama. Ya karkata hagu. Gilashin ya yi gefe, ɗigon ya tsaya a kan bishiyar. Ya karkata dama. Ya ƙara karkata har zoben ya zame ta gefe ya ɓace, ya dawo a hankali, ya ga gefen zoben yana fitowa kamar jinjirin wata. Ya matsa gaba, ya ja baya, girman zoben a kan filin bai canza ba, yadda ya kamata. Ya ga baƙin gilashin da ake ɗagawa idan ana fuskantar rana. A jikin bangon mazaunin, daga dama, ya ga ƙananan ƙwayayen fitila na ajiya a jere cikin mariƙinsu. Ya kai hannu zai taɓa, hannunsa ya bugi gefen tebur.

"Baba, in tayar da injin?"

"Bar shi tukuna."

A ranar bai tashi ba. Ya zauna kawai yana motsa kai. Ya rantse daga baya cewa ya ji warin mai da roba, ko da yake abin da ke tashi a gidan ƙamshin miyar Mas'uda ne. Ya tuna Arzika, wanda ya ji labarin rasuwarsa a bakin wani direban tirela shekaru bayan an binne shi. Ya tuna masu ɗaga masa hannu daga wajen allo, da yadda suke raba rake a inuwar fiffike. Da ya cire tabarau ɗin, gilasansa sun yi raɓa, Abdulbasit ya karɓa ya goge da gefen riga.

"Wa ya gaya musu?" Abednego ya tambaya. "Har ƙwayayen ajiya. Wa ya gaya musu?"

Abdulbasit ya ce yadda ya ji, masu yin irin wannan sukan je inda ake adana tsofaffin jirage su auna komai, su karanta tsofaffin littattafan gyara, idan kuma suka yi kuskure masu wasan ba sa barin su su huta. Abednego ya girgiza kai. Duk tsawon aikinsa ya ɗauka babu wanda ya damu da abin da ke cikin akwatin nan sai shi da Arzika da 'yan tsiraru, ashe akwai wasu can wata uwa duniya da suka zauna suka yi gardama a kan yadda zobe ke zamewa.

Daga nan Lahadi ta zama tasu. Tuƙin kuwa bai zo masa da sauƙi ba. Duk lokacin da ya ba injin wuta sai jirgin ya fizge gefe ya shiga daji. Ya karya fiffike, ya kifa shi a kan hanci, sau ɗaya ya shige rumfa. Ranar da ya fara barin ƙasa jiri ya kwashe shi, sai da ya kwanta a tabarma Mas'uda ta dafa masa shayi da citta da kanumfari. "Baba, ku bar wa ɗanku wannan rigimar," ta ce. Ya ce mata ai bai fara ba ma.

A hankali ƙafafunsa suka koyi takawa, hannunsa ya daina damƙe sandar kamar mai riƙon fartanya. Wata Lahadi Abdulbasit ya sa masa wani jirgi a gaba ya ce ya bi shi. Jirgin ya karya kwana, Abednego ya ja sandar da ƙarfi ya bi, kallonsa ya nutse ƙasa yadda nauyin kwana ke danne mutum, sai zoben ya sulale ta saman gilashin ya ɓace. Ya saki sandar ya fashe da dariya har da tari.

"Lafiya, Baba?"

"Ashe gaskiya suke faɗa! Ashe kansu ne ke nutsewa, ba zobena ba ne ke gudu. Kai, na yi fushi da bayin Allah a banza."

Abu ɗaya ne bai yarda ya yi ba. Ranar da Abdulbasit ya zaɓo musu aikin kai hari a ƙasa, ya ce akwai motoci a bakin wani gari, Abednego ya bi har rufin gidaje suka fara shiga cikin zoben, sai ya ɗaga hancin jirgin ya wuce.

"Waɗanda ke sama sun zo da nasu bindigogin, mu yi da su," ya ce. "Ni da na ƙasa babu faɗa."

Abdulbasit a Enugu ya tashi, ya ji labaran yaƙi a bakin iyayen abokansa. Bai tambayi dalili ba, bai kuma sake zaɓo irin wannan ba.

Sauka ce ta gagare shi. Ko ya zo da gudu ya wuce filin, ko ya zo a hankali jirgin ya faɗo kamar buhu. Suna cikin wannan fama ne ya zame a banɗaki wata safiya ya bugu a ƙugu. Bai karye ba, amma Happiness ta zo daga Fatakwal a ranar, ta tsaya a tsakar ɗaki da hannu a ƙugu irin na uwarta, ta ce ba za ta koma ba sai da shi. Ya yi gardama, ya ce shago, ya ce coci, ya ce kabarin mamanta. Ta ce duk ta ji. A ƙarshe ya naɗe sukuddirebobinsa cikin farin ƙyallen, ya ba Abdulbasit hoton da ke bango, ya miƙa makullin shago ga mai gida.

Yanzu yana Fatakwal, a unguwar Diobu, ba nisa da kasuwar Mile One, a ɗakin da ke kallon titi. Hayaniyar ta yi masa yawa da farko, amma ya sami wurin zama a rumfar wasu masu sayar da albasa da doya, 'yan Arewa, inda ake Hausa ana gardamar siyasa, kuma tuni suka fara kawo masa tabarau da agogunansu. Ya ɗan yi ƙiba. Yana tafiya da sanda.

Duk bayan 'yan watanni yakan hau mota ya je Enugu, ya share kabarin Ann, ya yi sujada a tsohon cocinsa, sannan ya wuce Asata. A zuwansa na Ista, bayan an ci shinkafa, ya zauna a kujerar ya ce yau sai ya ajiye jirgin nan lafiya. Ya zagayo filin, ya rage wuta, ya sauke ƙafafu, Abdulbasit na tsaye a bayansa yana cewa, "Small small, Baba, kada ku ja, ku bar shi ya zauna da kansa." Tayoyin suka taɓa ciyawa, jirgin ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya yi wani tsallen, sannan ya gangara ya gangara ya fita daga filin ya tsaya a cikin gonar wani, farfela na juyawa, fiffike biyu cif.

Mas'uda ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Abdulbasit ya ce a gaskiya wannan ba a filin jirgi aka sauka ba.

"An sauka ko ba a sauka ba?" in ji Abednego, yana kwance ɗaurin tabarau.

"An sauka, Baba."

"To, ɗiyata, ƙaro mini naman nan. Mai gonar in ya zo ku ce masa na tafi Fatakwal."